Layi Ɗaya da Mabuɗai Biyar

Abin ya fara ne ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Na san lokacin domin a daidai wannan minti na ɗaga kai na dubi agogon bango, kamar yadda na saba yi duk sa'ad da surukina ya murza yatsu ya ce, "Ku matso ku ga aiki."

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman bene, kan shagon burodi, shi ya sa duk takardunmu suke ƙanshin yis. 'Yata ce mai kamfanin. Kowa Manaja yake ce mata, har ni da na haife ta. Shekara bakwai ta yi tana gina manhajar da shaguna huɗu na titinmu suke tuntuɓar abokan cinikinsu da ita: mai burodi, da likitar haƙori, da mai wanki da guga, da malamin tuƙi. Manhajar ba ta aika saƙo da kanta. Akwai wani kamfani na waje mai wannan aiki. Kowane shago yana da nasa haɗin da kamfanin, kowane haɗi kuma da mabuɗinsa, wato wani dogon jerin haruffa da lambobi, irin abin da kyanwa za ta rubuta in ta bi ta kan tafireta. Mabuɗin ne yake gaya wa kamfanin mutanen da za a aika wa saƙo. Haɗi na biyar na ƙofar benenmu ne, wadda take gane yatsan mutum, ta gaishe shi ta wata 'yar lasifika, sannan ta buɗe.

Ni aikina gyaran rubutu. Duk saƙon da zai fita sai ya bi ta hannuna, in duba waƙafi da aya. A makarantar mishan da na yi, tun ana tsoma alƙalami a tawada, malaminmu yakan sa mu karanta layi sau biyu kafin mu rubuta shi sau ɗaya. Wanda ya yi gaggawa, rula ce take gaisawa da bayan hannunsa. Bayan rasuwar mahaifiyarta, Manaja ta ga na fara hira da kujerun falo, sai ta kawo ni nan ta ba ni tebur kusa da taga.

Surukina ba mugun mutum ba ne. Yana son 'yata, yana ɗaukar 'ya'yansa a wuya, ya kuma iya soya ƙwai. Ciwonsa ɗaya ne, baƙin allo. Wannan wata taga ce da masu sana'ar suke buɗewa a kwamfuta, babu hoto babu abin dannawa, sai dai ka rubuta umarni da hannunka, dandalin da muke aiki a kai ya aikata. Duk aikin da aka ambata a gabansa, ko gyaran famfo ne, sai ya ce, "Wannan ai layi ɗaya ne." Har sunan Layi Ɗaya ya bi shi. 'Yarsa ƙarama ta taɓa rubuta shi a makaranta a gurbin sunan uba.

Dokokin Manaja biyu ne. Muna da wurin gwaji, inda komai wasa ne, saƙo ba ya zuwa ga kowa, muna kuma da wurin aiki na gaske. Rubutun na gwaji kore ne, na gaske ja, don kada ido ya ruɗe. Wannan ta farko. Ta biyu kuwa, kafin dandalin ya cire haɗi ko ya ƙulla wani, yakan tsaya ya tambaya, "Ka tabbata?" kuma dole mutum ya karanta kafin ya amsa. Layi Ɗaya ya kashe launukan a kwamfutarsa, ya ce launi na 'yan nazare ne. Tambayar kuwa cin mutunci ya ɗauke ta. Ya samo wata 'yar kalma da yake liƙawa a wutsiyar kowane umarni, mai amsa "eh" tun ba a tambaya ba.

"Baba," ya taɓa ce mini, "mutumin da ya tabbata tun daga gida, don me inji zai tsare shi a hanya?"

A makon ne kamfanin aika saƙo ya ce a sauya duk mabuɗai kafin Juma'a. A makon ne kuma wani babban kamfani daga tsakiyar gari ya zagaya titinmu yana raba kalanda da biro, yana ce wa masu shaguna su daina wasa da ƙananan yara su koma wurinsa. Su huɗun suka ce ranar Talata za su hau bene su ji ta bakin Manaja, sannan su yanke shawara. In sun tafi, babu kamfani, domin ba mu da kowa bayan su.

Manaja ta yi niyyar sauya mabuɗan ɗaya bayan ɗaya. Mijinta ya bi ta da roƙo daga ɗakin girki har bakin mota, wai ta bar shi ya nuna wa baƙin yadda ake yi a layi ɗaya, su ga cewa mu ma muna da ƙwararru. Ta gaji ta yarda, a kan a wurin gwaji kawai.

Da baƙin suka zazzauna, ta ga lemo bai isa ba. Ta ajiye wayarta da kwamfutarta a kan tebur, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Abban yara, kada ka taɓa komai sai na dawo."

"Ni da nake gyara majigi kawai?"

"Baba, ka sa mini ido a kansa."

Na sa masa ido. Abin da ba ta gaya mini ba shi ne yadda zan yi da hannuwansa.

Takunta bai gama ɓacewa a matakala ba ya kunna majigi, baƙin allo ya cika bango. Mai Burodi, ƙato mai fulawa a gira, ya gyara zama. Likita ta dubi agogonta. Mai Wanki, siririn mutum mai yawan fargaba, ya ɗauke wani zare daga kafaɗar Malamin Tuƙi, wanda shi kuma ko a kujera yake zaune ƙafarsa ta dama tana neman birki.

"Ku matso ku ga aiki," in ji Layi Ɗaya. "Wancan kamfanin mai kalanda, kun san kwana nawa za su yi suna sauya muku mabuɗi? Mako guda! Ni kuwa kafin Likita ta ƙifta ido."

"Ba na ƙifta ido a bakin aiki," in ji Likita.

"Injiniya, Manaja fa ta ce a jira ta," in ji Mai Wanki.

"Gwaji ne, ɗan'uwa. Ko sauro ba zai ji ba."

Na ce, "Ɗana, wane launi ne wannan rubutun?"

"Fari, Baba. Launin manya."

Ya rubuta layinsa. Dogo ne, har ya karya wuya ya sauko layi na biyu da na uku, amma ya ce a lissafin sana'a ɗaya ne. Ya liƙa masa 'yar kalmar nan a wutsiya, ya ɗaga yatsa sama kamar mai shirin yanka kek, ya danna. Rubutu ya zubo a bango kamar an kwance famfo. An cire, an cire, an cire. An ƙulla, an ƙulla. Daga ƙasan bene na ji ƙofa ta yi ƙas.

"Yanzu kuma," ya ce, "mu aika duk saƙon da ke jira, don ku ga sauri." Ya sake dannawa, ya miƙe ya rusuna.

Mai Burodi ya tafa masa. Ana cikin tafin wayar Likita ta yi ƙara. Kafin ta ɗauka ta Mai Wanki ta kama, sai ta Malamin Tuƙi.

Daga baya Manaja ta zana mini abin da ya faru a bayan ambulan. Ba a wurin gwaji yake ba, a na gaske yake tun jiya. Sannan a cikin layin nasa ya ƙirga shaguna daga sifili, yadda kwamfuta take yi, ya ƙirga mabuɗai daga ɗaya, yadda mutane suke yi. Sai kowa ya ɗauki mabuɗin maƙwabcinsa. Saƙon mai burodi ya tafi ga marasa lafiyar Likita, na Likita ga masu kawo wanki, na mai wanki ga ɗaliban tuƙi, na malamin tuƙi kuma ya faɗa cikin ƙofa.

Dole in faɗi abu ɗaya don mutuncin aikina: a cikin saƙonnin nan babu waƙafi ko ɗaya da ya kauce.

Da yake duk mutanen unguwar ne, ba a jima ba titi ya fara cika. Muka taru a taga. Wata tsohuwa da ta yi wata guda tana jiran haƙoran roba ta ɗaga wayarta sama.

"Likita! An ce ya fito daga wuta, in zo in karɓa da zafinsa. Haƙoran nawa gasa su kika yi?"

"Iya, ki koma gida, kuskure ne!"

"Kuskure? Sun ƙone ke nan?"

Mai Burodi yana dariya har yana riƙe ciki. "Ni dai nawa mutanen lafiya lau," ya ce. Bai lura ba cewa nasa mutanen ba su sami komai ba, shi ya sa ko ɗaya bai zo ba.

Sai ga wani direban babbar mota, mai wuya kamar turmi, ya tsaya a tsakiyar titi yana karanta wayarsa da ƙarfi. "'Gobe da safe za a cire. Kada ka ci komai daga tsakar dare. Ka zo da wanda zai raka ka gida.' Kai, Mai Wanki! Wando biyu na kawo maka! Me za ka cire mini?"

Mai Wanki ya ja da baya ya ɓuya a bayan labule. "Injiniya, ka gaya masa ba na nan."

"Yana ganin takalminka," in ji Likita.

Ɗaliban tuƙi su suka fi zuwa a natse. Abin da suka samu shi ne, "Mun yi iya ƙoƙarinmu, amma tabon bai fita ba. Sai ka zo mu yi magana." Suka tsaya jere a gindin taga, kowa kansa a ƙasa. Wata malamar makaranta ta fara.

"Malam, ka yi haƙuri. Sandar ce ta shigo gabana."

"Wace sanda?" in ji Malamin Tuƙi.

"Au, ba tabon gefen hagu na motar ake nufi ba?" in ji wani mai kwat da jakar hannu. "To na ƙofar baya ni ne, amma katangar ma ba a gina ta daidai ba."

"Ni fitilar ce kawai," in ji na uku. "Kuma na liƙe ta da gam mai kyau."

"Wace fitila?" Ƙafar Malamin Tuƙi tana ta taka birki a kan tayil ɗinmu. "Watanni ina zargin ƙanena! Har mun daina gaisawa!"

Likita ta ɗauki jakarta ta ce ita za ta sauka. Ta sauka, muka ji tana jijjiga ƙofa, ta hawo.

"A kulle take."

"Tsaro ne," in ji Layi Ɗaya. "Manhajarmu in ta ga taro sai ta kare abokan ciniki. Wancan kamfanin suna da wannan?"

Daidai nan Manaja ta ɓullo daga kwana da kiret ɗin lemo a hannu. Ta tsaya. Ta dubi taron, ta dubi tagar, ta dubi mijinta. Ban ga wannan kallon ba tun ranar da na wanke farar rigar mahaifiyarta tare da jan bargo. Ta ratsa mutane, ta ajiye kiret, ta ɗora yatsa a kan ƙofa. Lasifikar ta yi gyaran murya, ta ce da muryar nan tata mai ladabi:

"Muna baƙin cikin sanar da kai cewa ba ka shirya ba tukuna. Ka dawo bayan mako biyu. Ka riƙa duba madubi."

Titi ya fashe da dariya. Direban babbar mota ya manta da abin da za a cire masa, ya zo ya ɗora nasa yatsan don ya ji da kunnensa. Ƙofa ta gaya masa shi ma bai shirya ba. Mutane suka kama layi.

"Malam!" in ji Manaja. In ta ce Malam, to Abban yara ya tafi hutu. "Wane launi ne allonka?"

"Ba na jin ki sosai, hayaniya ta yi yawa!"

"Na ce wane launi!"

"Fari ne, 'yata," na amsa mata. "Launin manya."

"Ɗauke hannunka daga kwamfutar nan!"

"Saura kaɗan! Layi ɗaya ne!"

Ya koma ya zauna, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya ce zai aika wa kowa saƙon ban haƙuri, magana ta mutu. Na miƙa hannu na ce ya ba ni in duba rubutun.

"Baba, yanzu ba lokacin waƙafi ba ne."

Abin da ya rubuta, ba babban baƙi ba aya, shi ne, "ku manta da sakon baya komai lafiya". Na rufe ido. Ya danna. Ya gaya wa layin ya zagaya kan kowa, amma ya manta bai gaya masa inda zai tsaya ba.

Wayoyin titi duka suka yi ƙara tare. Suka yi shiru. Suka sake. Suka sake. Kamar kwaɗi bayan ruwan sama. Tsohuwa mai jiran haƙora ta jefa tata cikin jaka ta danne da hannu biyu, jakar tana ta rawa. Mai kwat yana ƙoƙarin kashe tasa tana zame masa. Ƙofa kuwa ta kama waƙa, "komai lafiya, komai lafiya, komai lafiya," Likita tana daga ciki tana dukanta da takalmi.

"Tsayar da shi!" in ji Malamin Tuƙi. "Birki! Ina birkin abin nan?"

"Ba a yi masa birki ba," in ji Mai Burodi, yana share hawaye. "Layi ɗaya ne."

Mai Wanki ya cire filogin majigi, wai ko zai taimaka. Mai Burodi ya mayar, ya ce shi bai gama kallo ba.

Can sai komai ya ɗauke ɗif. Wayoyi suka yi shiru, ƙofa ta yi shiru.

Layi Ɗaya ya miƙe a hankali, ya gyara kwalar rigarsa, ya leƙa taga ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Na tsayar da shi."

A bayansa, a bango, wani rubutu ya fito da manyan baƙaƙe. Da yake ni ne mai karatu a ofishin, na karanta shi da ƙarfi, sau biyu, yadda aka koya mini: "An dakatar da duk haɗinku saboda yawan saƙo. Mai asusun kaɗai ke iya buɗewa."

Taga a buɗe take. Har na ƙarshen titi ya ji.

"Mai asusun tana nan ƙasa," in ji Manaja. "An ce ba ta shirya ba. Sauko mini da wayata da kwamfutata."

"Ai da kin bari in gwada wani ɗan..."

"A'a!" Wannan ba ita ta faɗa ba. Titi ne gaba ɗaya, har da tsohuwar.

Muka juye kwandon shara, Mai Wanki ya shimfiɗa hankicinsa a ciki, ya ɗaure shi da doguwar wayar wuta, ɗaurin da ya ce ko bargo jiƙaƙƙe ba ya kwance shi. Likita ta miƙa wa surukina bakin wayar. "Kai za ka saukar. A hankali. In ta tambaye ka ko ka tabbata, ka yi shiru." Haka babban injiniyanmu ya tsaya a taga yana zura kwandon shara sannu sannu, mutane suna yi masa "hagu, hagu, dama kaɗan," ɗaliban tuƙi sun fi kowa ba da umarni.

Manaja ta zauna a kan kiret a gefen titi. Ta kira kamfanin, ta ba da haƙuri da muryar da ban san tana da ita ba. Ta buɗe kwamfuta, allon ya fito ja wur. Direban babbar mota ya riƙe mata kwali don rana. Ta cire haɗin farko, ta ƙulla shi da mabuɗinsa. Dandalin ya tambaya. Ta karanta a fili, tana kallon taga:

"Ka tabbata?"

Ta aika saƙo ɗaya tak ga matar Mai Burodi, wadda ta fito daga shago ta ɗaga waya. "Ya iso! Kuma maganar burodi ce!"

"An tabbata!" in ji direban.

A haɗi na biyu mutum goma suka amsa. A na uku duk titi ne. Kowane "Ka tabbata?" sai an juyo an dubi surukina, sannan a amsa da ƙarfi, shi kuwa yana tsaye da wayar wuta a hannu ya rasa inda zai ajiye ta. Haɗin ƙofa ta bari sai ƙarshe, kuma ba ta yi sauri ba. Sai da ta buɗe lemo ta sha rabi. Na san 'yata, da gangan ne.

Da ƙofa ta yi ƙas muka sauko, ba a koma sama an yi taron ba. A gindin matakala kowa ya faɗi tasa. Likita ta ce wa Manaja, "Ke ba ni da matsala da ke. Amma mutum uku da na hana tauna komai ga su can suna cin burodi mai zafi." Ta tafi. Mai Wanki ya riƙe hannun Manaja da hannu biyu, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki irin wannan sau biyu ba, ya karɓi hankicinsa ya bi bayanta. Manaja ba ta roƙe su ba. Ta tsaya tana kallon bayansu, kwamfuta a ƙirji, sai na ga yarinyar da nake rakawa makaranta. Rabin aikin shekara bakwai ne ya tsallaka titi.

Ga waɗanda suka rage.

Mai Burodi, wanda matarsa ta sayar da komai kafin azahar, har da na jiya. Ya ce in za a sake irin wannan a gaya masa tun da wuri ya ƙara kwaɓi.

Malamin Tuƙi, wanda ya ce babu kamfanin da zai iya gano masa masu laifi uku a safiya ɗaya. Sun shirya da ƙanensa.

Manaja, wadda take neman shaguna biyu a titin baya, ba ta kuma ƙara barin wayarta a tebur ba.

Ni, da teburina, da waƙafina.

Layi Ɗaya, wanda har yanzu mijin 'yata ne, domin yaran suna son ƙwansa. An mayar masa da launi, an kuma zagaye allonsa da jan tef don ƙarin bayani. Mabuɗin da ke hannunsa yanzu na kallo ne kawai.

Sai ƙofa. Ta koma gaishe da kowa kamar da, ban da yatsa ɗaya. Wannan yatsan, na surukina, Manaja ta bar masa saƙonsa yadda yake. Kowace safiya ina jin sa daga taga, a tsaye a ƙasa da jakarsa, ana gaya masa cikin ladabi cewa bai shirya ba tukuna, ya dawo bayan mako biyu. Sai in sauka in buɗe masa. Ba na sauri, gwiwoyina sun tsufa. Kafin in murɗa hannun ƙofar kuma nakan tambaye shi ta ciki ko ya tabbata, in jira ya amsa da bakinsa.